Nottingham, garin sojojin roba

Zumunci ne ya kai ni Ingila a bazarar 2025. Ƙanwata tana aure a kudancin Landan, ta daɗe tana mita cewa ban taɓa taka gidanta ba, har Allah ya nufa biza ta fito. Daga Kano na bi jirgi zuwa Abuja, daga can muka yi sa'o'i shida da 'yan kai a sama kafin mu sauka Heathrow. Jami'ar shige da fice ta tambaye ni wurin wa na zo, yaushe zan koma, me nake yi a gida. Na ce ɗan kasuwa ne, atamfa da shadda nake sayarwa a Kantin Kwari. Ta duba takardu ta miƙo mini fasfo. Kilishi kuwa tun a gida aka ce kada in soma ɗaukarsa, ba a shiga ƙasar da nama, don haka yaji da kuka da daddawa kaɗai na kai tsaraba.

A ɗakin autan ƙanwar tawa, yaro ɗan shekara 15, na fara ganin abin da wannan labari ya ƙunsa. Teburin karatunsa cike yake da wasu 'yan sojoji na roba, kowanne bai kai tsayin babban yatsa ba, wasu an yi musu fenti, mafi yawansu kuma suna nan da launin toka yadda suka fito daga kwali. Tambaya biyu na yi masa, waɗanda duk Bahaushe zai yi: gumaka ne? Caca ce? Ya ce wasan yaƙi ne da ake yi a kan tebur, sunansa Warhammer 40,000, kowa ya jera rundunarsa, a auna tazara da tef irin na tela, a jefa ƙwayar lido a ga harbi ya samu ko bai samu ba. "Kawu, ba a sa kuɗi a wasan," in ji shi. "Kuɗin tun a shago suke ƙarewa." Da na tambayi farashi ya ce kwalin sojoji 10 wajen fam 40 ne. A lokacin fam ɗaya ya haura naira 2,000. Na yi lissafi a zuci, na sake yi, na ga robar da ba ta cika tafin hannu biyu ba ta kai wajen naira 80,000, kuma mai saye ne zai yanke ta, ya haɗa da gam, ya yi fenti da kansa.

Burin yaron shi ne a kai shi Nottingham, inda hedikwatar Games Workshop, kamfanin da ke ƙera sojojin, take, mahaifinsa kuma aiki ya hana shi. Na ce ni zan kai shi. Ba wasan ne ya ja ni ba. So nake in ga idon mutanen da ke sayar da kayan da ba a gama ba a wannan farashi, kuma masu saye na bin layi.

Daga tashar St Pancras muka hau jirgin ƙasa. Mun sayi tikiti tun da wuri ta intanet, domin a can kuɗin kujera ɗaya yana sauyawa gwargwadon ranar da ka saya da sa'ar da za ka tashi. Wanda ya bari sai ya zo tasha zai iya biyan ninki. Babu shingen 'yan sanda, babu mai cewa a sauko a buɗe jaka, ƙofar ƙarfe ce kawai da ke buɗewa idan ka nuna mata tikiti a waya. Gonaki da tumaki, Leicester, Loughborough, ba mu cika sa'o'i biyu ba muka iso.

Mun kama ɗaki a wani ƙaramin otal kusa da tasha, fam 70 da wani abu, ɗakin da idan ka shimfiɗa darduma sai ka ture kujera. Babu buta a banɗaki, gorar ruwa ta yi aikin. Da yamma muka zaga dandalin Old Market Square, muka je gindin tsohuwar fadar garin inda mutum-mutumin Robin Hood yake riƙe da baka, sannan muka gangara unguwar Hyson Green neman abincin halal. Titin Radford Road cike yake da shagunan 'yan Pakistan da Kurdawa da 'yan Afirka, muka ci shinkafa da gasasshiyar kaza har muka yi nak. A nan wani mai shago da muka taɓa hira ya faɗa mini abin da ya sa garin ya shiga raina: a Nottingham aka riƙa ƙera keken Rale. Wato Raleigh ɗin nan da iyayenmu suka yi yayi, wanda ake yi wa ado da tuntu da madubi, nan ne asalinsa. An daina ƙera shi a garin tun 2002, filin masana'antar kuma yanzu wani reshe ne na Jami'ar Nottingham. A wannan yanki na Lenton da keke ya bari, nan masu sojojin roba suke.

Da safe muka hau jirgin cikin gari da suke kira tiram, wanda tasharsa ke saman tashar jirgin ƙasa, muka sauka a Gregory Street muka ƙarasa da ƙafa. Unguwar masana'antu ce, ba ta da wani kyan gani. Sai da muka shiga titin Willow Road na hango wata tankar yaƙi shuɗiya mai girman ta gaske a ajiye a waje, manya da yara suna ɗaukar hoto a jikinta. Wurin da aka buɗe wa baƙi sunansa Warhammer World. Shiga kyauta ne, ɗakunan baje koli kawai ake biya.

Kamfanin a Landan aka kafa shi a 1975, mutum uku ne: John Peake da Ian Livingstone da Steve Jackson. Da allunan wasa na katako suka fara, har da na darar nan mai ramuka da ake zuba duwatsu. Suka fara mujallar White Dwarf a 1977, suka buɗe shagon farko a Hammersmith a 1978, sannan aka kafa kamfanin Citadel Miniatures a garin Newark, kusa da Nottingham, don zuba 'yan sojojin da dalma. Warhammer na farko, mai takubba da dawakai da dodanni, ya fito a 1983, na sararin samaniya kuma, wato Warhammer 40,000, a 1987. An sa hannun jarin kamfanin a kasuwar Landan a 1994, ya tattaro ya dawo Lenton a 1997. Yau yana da shaguna sama da 500 a duniya, kuma a Disamban 2024 ya shiga jerin FTSE 100, wato manyan kamfanoni 100 na kasuwar hannun jarin Birtaniya.

Ɗakunan baje kolin sun ba ni mamaki, ba zan ɓoye ba. Na ƙarshensu fagen fama ne guda da ya cika ɗaki, ana hawa bene ana zagaya shi, dubban 'yan sojoji suna kai hari kan wani birni, fitilu na sauya launi. Amma abin da ya tsayar da ni shi ne wani ɗan soja guda a cikin gilashi. An zana masa ƙwayar ido. An yi wa gefen sulkensa wani siririn layi mai haske, kamar rana ta bugi ƙarfe, an sa masa tsatsa a gwiwa da laka a tafin takalmi, duk a jikin abin da zan iya rufewa da yatsa biyu. Wanda ya san wahalar aikin hular zanna zai gane sa'o'in da aka zuba a nan.

Babban zauren wasa an gina shi kamar farfajiyar tsohuwar ganuwa, tebura jere reras, ƙarar ƙwayoyin lido na tashi ta ko'ina. Yaron ya sami abokin karawa, ya ce wasan zai ci kusan sa'o'i uku. Ni kuma na ja kujera. Hula da doguwar riga sun taimake ni, domin duk wanda ya gan ni sai ya so sanin daga ina, kuma da na ce ban san komai a wasan ba sai bakinsu ya buɗe.

Na farko wani dattijo ne mai furfura, da ya ce tun zamanin dalma yake ciki. Ban gama tambayar ra'ayinsa kan kamfanin ba ya ajiye kofin shayi. Ciwonsa shekarar 2015 ce. A shekarar kamfanin ya rufe tsohon wasan takubban da aka shafe shekara 30 da ɗoriya ana yi, ba rufewa kawai ba, a cikin labarin ma sai da aka halaka duniyar gaba ɗaya, aka kawo sabon wasa mai suna Age of Sigmar. Rundunar da ya yi shekaru yana wa fenti ta wayi gari ba ta da gida. A Janairun 2024 kuma aka dawo da tsohon wasan da sunan The Old World, har da wasu tsoffin sojojin da aka daina sayarwa, aka kuma ƙara faɗin 'yan faifan da suke tsayawa a kai. "Sun kashe shi a gabanmu," in ji shi, "yanzu sun tono shi suna sayar mana." Na ce to ya saya? Ya yi dariya ya nuna teburinsa. A kansa ake buga The Old World ɗin.

Wani matashi da ke zuwa gasa ya karɓe zancen, shi damuwarsa dokoki. Ana sabunta dokokin Warhammer 40,000 duk bayan shekara uku a 'yan shekarun nan: 2017, 2020, 2023. Kowace runduna tana da littafinta mai kauri da ake kira Codex, ana sayar da shi sama da fam 30, kuma kafin ka gama karanta shi an fitar da gyara a intanet, idan sabon zubin dokoki ya zo kuma littafin ya zama na ajiye a kanta. Akwai sojojin da ake cirewa daga gasa a mayar da su rukunin da ake kira Legends, wato ka riƙe abinka amma ba za ka shiga fili da shi ba. Zarginsa, wanda na ji daga baki fiye da ɗaya, shi ne sau da yawa sabon kaya yakan fito da ƙarfi a doka don a saya, daga baya a rage masa. Wani na gefensa ya musa, ya ce sababbi nawa suka fito ba su da kataɓus, sakaci ne kawai ba makirci ba. Suka yi ta yi har na rasa inda aka kwana. Abin da suka yarda da shi su biyun shi ne halin kamfanin yanzu ya fi na da. Zamanin tsohon shugaba Tom Kirby, kamfanin ya taɓa rubutawa a rahotonsa na 2014 cewa ba ya tambayar kasuwa abin da take so. Tun da Kevin Rountree ya karɓi ragama a 2015 aka fara magana da masu saye, ana sakin bidiyon koyar da fenti, har ainihin dokokin zubin 2023 aka bayar kyauta.

Da azahar muka shiga gidan abincin wurin, Bugman's, wanda aka ƙawata kamar mashayar cikin tatsuniya. Ana sayar da giya, don haka muka tsaya kan soyayyen dankali da lemo, muka bar nama. Teburinmu ɗaya da wata mata da ta ce ita ba ta taɓa buga wasan ba, fenti kawai take yi, burinta ta shiga gasar Golden Demon da kamfanin ke shiryawa tun 1987. Ita ce ta fi kowa kare su. Ta ce a kawo mata wani kamfani da robarsa ke fita da tsafta haka, gaɓoɓi na shiga juna ba tare da an sha wahala ba. Ta ce soja ɗaya na fam 4 yana cinye mata maraice biyar, a faɗa mata wace nishaɗi ce a Ingila ta fi wannan araha. Na tuna mata da maganar da matashin ya yi kan wani kayan da aka fitar a 2011 mai suna Finecast, wanda ya zo da ramukan iska har mutane suka yi masa laƙabin shaƙiyanci. Ta ce gaskiya ne, an yi wannan, amma ya wuce. Sai ta nuna bango da cokali mai yatsu ta ce a bayan nan ake zuba robar. Ba a kai aikin Sin ba.

Wannan magana ta zauna mini. Ana buga littattafai da wasu kayan a waje, amma sojojin kansu a Nottingham ake zana su, a nan ake sassaƙa mazubin ƙarfe, a nan ake zuba su. Ni da na tashi na ga masaƙun Sharaɗa da Bompai da Challawa suna aiki, na kuma ga yadda suka mutu ɗaya bayan ɗaya tare da na Kakuri a Kaduna, har ya zama galibin atamfar da ke rumfata daga Sin take zuwa, ba zan raina kamfanin da ya riƙe masana'antarsa a garinsu ba, a unguwar da Rale ma bai iya riƙewa ba. Kuma wannan ce ta sa na fahimci rigimar da ta fi kowace zafi a zauren, rigimar kwaikwayo.

Wani mutum mai gemu ya rage murya kafin ya faɗa mini cewa a gidansa yana da firintar 3D, na'urar da ke fitar da abu da siffarsa daga ruwan roba. Yana sayen zane a intanet da kuɗi kaɗan ya buga runduna guda. A nan zauren ba a yarda da su ba, kayan kamfanin kaɗai ake ɗorawa a tebur, don haka yana da runduna biyu, ta zuwa Nottingham da ta gida. Ya lissafo mini laifuffukan kamfanin kan kare haƙƙin mallaka. Shari'ar da ya yi da wani ƙaramin kamfanin Amurka, Chapterhouse Studios, wadda bayanta aka sauya wa rundunoni sunaye zuwa waɗanda doka za ta iya karewa, Imperial Guard ta koma Astra Militarum. Da kuma 2021, lokacin da aka fitar da ƙa'idar hana masoya yin finafinan zane da labarin wasan, daidai lokacin da kamfanin ke ƙaddamar da tasharsa ta kuɗi, Warhammer+. Ya ce mutanen da suka yi wa wasan talla kyauta shekara da shekaru su aka fara rufe wa baki, har aka yi ta kiran a ƙaurace wa kayan.

A Kwari mun san wannan ciki da bai. Zane ya fito yau, wata biyu kwafinsa ya cika kasuwa a kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin. Na sayar da na asali, na sayar da kwafi, na san talakan da kwafin ya rufa wa asiri, na kuma san inda masaƙa ke ƙarewa idan kwafi ya yi yawa. Don haka ban ga laifin kamfani ba idan ya tsare mazubinsa. Inda na ga mai gemun ya fi gaskiya shi ne wajen masu finafinan zane: wanda ya ɗinka atamfarka ya fita da ita biki ba ɓarawonka ba ne. Bambanci ɗaya da kasuwarmu shi ne, ni idan na sayar da turmi na gama da shi, ba ni da ikon in aiko wa mata saƙo bayan shekara uku cewa an daina ɗaura wannan. Su kuwa kamfani ɗaya ne ke sayar da kayan, shi ke rubuta dokar amfani da su, shi ke da labarin. Mai saye ya zuba watanni da hasken idonsa a kan runduna har yana jin tasa ce, alhali alƙalamin da zai iya soke ta yana wani hannu. Duk ƙorafin da na ji a ranar, idan ka bi shi, nan yake komawa, ba kan tsada kaɗai ba.

Tsadar ma ba a bar ta ba. Wani baƙo daga Ostareliya ya ce su a can abin da suke biya ya fi na Ingila nesa ba kusa ba, shi ya sa ya zo da akwati rabinsa fanko. Kusan kowace shekara ana ƙara farashi. Ga kuma manyan kwalaye da ake fitarwa ƙayyadaddu, su ƙare cikin mintuna a intanet, 'yan sari su kwashe su dawo da su kasuwar intanet ta eBay da ninki. A 2020 hayaniyar kwalin Indomitus ta kai sai da kamfanin ya koma ƙera wa duk wanda ya yi oda. A shekarar kuɗin da ta ƙare a tsakiyar 2025, cinikinsu ya haura fam miliyan 600, riba kafin haraji ta haura fam miliyan 260. Duk ɗan kasuwa ya san abin da ake nufi da a ci sama da 40 cikin 100. Dattijon nan na farko ya ce shi ya daina fushi da wannan tun da ya sayi 'yan hannayen jari a kamfanin, yanzu idan an ƙara kuɗi aljihu ɗaya na kuka ɗaya na dariya.

Shi ne kuma ya gaya mini cewa wanda ya gaji ba sai ya bar garin ba. Tsoffin ma'aikatan kamfanin sun buɗe nasu a kewaye: Warlord Games masu wasan Yaƙin Duniya na Biyu, Mantic Games, da tagwayen nan Alan da Michael Perry masu sassaƙa sojojin tarihi. Yawansu ya sa ake yi wa yankin laƙabi da ɗamarar dalma. Ya ce kayansu sun fi araha, amma ka shiga kowane gari a Turai ko Amurka da rundunar Warhammer za ka sami abokin wasa a ranar, sauran kuwa sai ka yi cigiya.

An cinye yaron a wasan, bai damu ba. Muka bi layin biyan kuɗi a shago, matashin nan mai ƙorafin dokoki yana gabanmu rungume da kwalaye biyu da sabon Codex. Da muka haɗa ido ya ɗaga kafaɗa. Su da kansu suna kiran kayan da sunan ƙwaya mai sa maye, kwalayen da suka saya ba su buɗe ba kuma suna ce musu tarin abin kunya. Na saya wa yaron kwali ɗaya na wajen fam 100, na rantse masa cewa daga shi babu ƙari.

Da la'asar sakaliya muka kama jirgin komawa. Na zauna ina tara lissafi a bayan rasit: jirgi, otal, tiram, abinci, baje koli, kwali, abin ya doshi fam 300. Mun wuce Leicester ke nan yaron ya ɗago daga karatun bayan kwalin ya ce, "Kawu, fentin feshi na shimfiɗar farko ya ƙare a gida, kuma ba a fara komai sai da shi."

Na ce wannan kuma ya jira babansa ya dawo daga aiki.